Pak Karsiman da Tsoron Ƙafar Tirela

Kafin mai abinci ta hura wuta, Pak Karsiman ya riga ya jingine kekensa a katangar filin tireloli na Terboyo, a birnin Semarang. Daga masallaci yake wucewa kai tsaye, da ƙaramar guduma a aljihun baya da guntun alli a bayan kunne. Ba ya tsayawa gaisuwa sai ya gama zagaye. Tirelolin da aka cire wa kai aka bar su tsaye a kan ƙafafunsu biyu na ƙarfe, su yake bi ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa, ya karkata kunne. In ƙarfen ya amsa da murya garau, ya wuce. In ya ji muryar ta dushe, sai ya zaga ƙafar da farin alli, kuma daga ranar babu direban da zai rataya ragar kwanciyarsa a inuwar wannan tirela, ko da zafin rana zai narkar da shi.

Shekara talatin da shida ke nan yana wannan. Ƙarshen watan nan zai ajiye guduma ya koma ƙauyensu a Grobogan ya noma masara, don gwiwoyinsa sun ce ba da su ba. Na san mutanenmu sarai. Za a dafa shinkafa rawaya, a ci, a sha hannu, a ce Allah ya kiyaye hanya, kwana biyu a manta da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Sai dai in faɗi gaskiya tun da wuri, mutumin da nake wa jinjina matsoraci ne. Ba sharri nake masa ba, shi ma bai taɓa musu ba. Duk Semarang ban san mai tsoron tirela kamarsa ba, alhali a ƙarƙashinta yake neman abincinsa. Sauran makanikai in za su canja ƙafa, jak ɗaya na ɗaga mota suke kafawa su shige suna fito da baki. Shi kuwa sai ya shimfiɗa katakon jati, itacen nan mai taurin gaske, a ƙasa, ya gicciya wani a kai, ya yi ta ɗorawa har ginin ya kusa taɓa cikin tirela, sannan ya kafa jak a gefe, sannan ya aika a karɓo masa shayi wurin Bu Ngatmi mai abinci. Ba sha zai yi ba. Yana da wani tsohon kofin gilashi da ya zaga wa layin jan fenti. A cika shi daidai layin, ya ɗora a kan ƙarfen gaban tirela. Muddin shayin na kwance daidai da layin ta ko'ina, tirela na tsaye. In ya hau ta gefe ɗaya ko da kaurin farce ne, to ta fara karkata, sai ya fito da rarrafe ya sake gini daga farko. Aikin awa biyu yakan kai shi la'asar.

Direbobi suka raɗa masa suna Pak Dakata, don kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Pak kuwa a wurinmu kiran girmamawa ne ga dattijo, kamar yadda ake ce wa mace Bu, a ce wa ɗan'uwa Mas. Shugaban masu tsokanarsa shi ne Kusnan, wani direba mai ƙaton ciki da bakin da ba ya hutawa.

"Pak Dakata, jirgin ruwa fa bai san dakata ba. Shiga mana, ba ta cizo."

"Da cizo take yi ai da sauƙi, Mas. Zama take yi a kan mutum."

"Wai da gaske ne a kan idonka tirela ta danne ubangidanka?"

"Ubangidana ciwon suga ne ajalinsa, a kan gadonsa."

"To me ya taɓa samunka kake wannan rawar jiki haka?"

"Ba abin da ya taɓa samuna. Haka kuma nake so a ci gaba."

Mutane sun ƙirƙira masa labarai iri-iri don su gane kan tsoron nan, ba ko ɗaya da ke da tushe. Shi dai ya san nauyin tan talatin, kuma bai taɓa iya cire shi daga ransa ba. Duk sa'ad da ya sa kansa ƙarƙashin tirela, ƙeyarsa sanyi take yi, yawun bakinsa ya kafe, ya riƙa jin kowane ɗan kukan ƙarfe har cikin haƙoransa. Matarsa ta ce ranar da ya san zai taɓa tirela mai kaya, ko karin kumallo ba ya iya haɗiyewa. Shekara talatin da shida, bai saba ba.

Kai ne, Pak, ka taɓa jawo wani direba ta ƙafa daga cikin ragarsa yana tsakiyar minshari, ya tashi zai kai maka naushi, ka nuna masa inda walda ta tsage, ya koma ya zauna a ƙasa. Kai ne ka ce wa mai filin a'a a gaban jama'a, ranar da ya ce ka canja ƙafa a kan jak ɗaya don babban baƙo na jira, ka ce ya kore ka in yana so. Mun gani, mun kuma yi dariya. Ni ma na yi, ba zan wanke kaina ba. Dariyar ta ƙare ne wata Alhamis cikin watan Mayu, shekara biyu da suka wuce.

Akwai wani direba, Giyarto, mutum mai zafin nema. Ya yi shekara goma sha biyar yana tuƙa wa wasu kafin ya sayi tsohuwar tirela tasa ta kansa, kuma tun daga ranar ba ya yarda kowa ya taɓa ta in shi zai iya. Ranar tana tsaye a kusurwar filin, ɗauke da kwantena cike da tayal, tan ashirin da takwas, kuma dole kayan su shiga tashar jiragen ruwa kafin ƙarfe biyar. Sai ƙafar hagu ta cije. Aka murza hannun da ke naɗe ta, aka zuba mai, aka buga, ko gezau. Tirelar da ƙafarta ba ta naɗewa sama kuwa ba ta hawa titi. Giyarto ya ruga kasuwar tsofaffin ƙarafa ya samo wata, ya zo ya tsaya a kan Pak Karsiman.

"Pak, ga ƙafa na samo. Ka sa mini kafin azahar."

Dattijon ya dubi kwantenar, ya dubi ƙasa, ya taka ta da dunduniya. "Ina kan motar?"

"Ƙanena ya tafi Kendal da shi, ƙarfe biyu zai dawo."

"To mu jira shi. In ya dawo ya shiga ƙarƙashi ya ɗauke nauyin, sai in cire ƙafar hankali kwance."

"In na jira ƙarfe biyu, da irin aikinka ai sai magariba. Biyar za a rufe karɓar kaya."

"Dakata, Mas. Yau sha huɗu ga watan sama, ruwan teku zai taso da rana. Ƙasar nan da kake gani a bushe, fatar ce kawai."

"Kullum dakata! Noti goma ne fa, Pak. Na gani a waya, wani ya yi shi kaɗai cikin minti arba'in."

"A kan siminti ya yi, ko a kan taɓon Terboyo?"

Giyarto ya ja tsaki ya juya. Pak Karsiman ya zaga ƙafar da alli, ya ɗauki kayansa ya tafi can ƙarshen filin inda wani aiki ke jiransa. Ya tafi da kwanciyar hankali don ya san Giyarto ba shi da babban jak, ba shi da katako. Har yau in an tuna masa sai ya girgiza kai, ya ce da ya sani da ya jawo kujera ya zauna a gindin tirelar har ƙarfe biyu.

Abin da bai lissafa ba shi ne itacen kwakwa. A bayan katanga ana gini, an tara guntayen kututture, Giyarto ya mirgino biyu. Ba na ganin wautarsa sosai, don kowannenmu a ƙarƙashin rufin da itacen kwakwa ke riƙe da shi ya girma, kakanninmu da shi suka yi gini, mun yarda da shi kamar yadda muka yarda da iyayenmu. Abin da muke mantawa shi ne gindin tsohuwar bishiya ake zaɓa, shi ma gefensa. Tsakiyar da saman kuwa kamar rake suke, zare ne da ruwa. Giyarto ya ari ƙaramin jak ya ɗan ɗaga, ya tsayar da kututturen biyu a ƙarƙashin ƙarfen, ya sauke nauyin a kansu, ya mayar wa mai jak da kayansa. Sannan ya kwanta rigingine da sifana ya shige.

Ruwan teku a unguwarmu ba ya sallama. Ba hadari, ba iska, rana tsaka sai ka ga magudanai sun cika sun fara amai a hankali. Wajen sha ɗaya da rabi Bu Ngatmi ta ga ya taɓa ƙafar teburinta, ta ɗaga murhu ta ɗora a kan bulo kamar yadda ta saba, ta ci gaba da soya tempe, wainar nan ta waken soya. Ba wanda ya tuna da mutumin da ke kwance a kusurwa, ya riga ya kwance noti na goma.

Pak Karsiman yana can nesa ya ji ƙarar. Ba mai ƙarfi ba ce, wani dogon nishi ne irin na ƙofa mai tsatsa, sai ihu ya biyo baya. Ƙarar da ya yi rayuwarsa yana jiran ji ke nan. Ya yar da abin da ke hannunsa ya sheƙa da gudu a cikin ruwa, da gwiwoyin nan da ko tsani ba sa hawa.

Abin da ya tarar ya fi abin da yake tsoro muni. Taɓo ya haɗiye gindin kututture ɗaya, ya kife ya faɗi. Ɗayan na nan tsaye a karkace, shi kaɗai ke riƙe da ɓangaren hagu gaba ɗaya, kuma zarensa ya fara tashi ta gefe ɗaya bayan ɗaya, ana jin su suna tsinkewa. Tirelar ta sauko kamar taƙi guda, ta danne ƙafar ƙarfen da aka kwance, ita kuma ta gicciye a kan cinyar Giyarto ta manne shi da ƙasa. Yana kwance rigingine, ruwa ya kai masa kunne. In kututturen nan ya fashe, kusurwar tirelar a kan ƙirjinsa za ta sauka. In bai fashe ba, ruwan yana da sauran awa guda yana hawa.

Kan ka ce kwabo mutum ashirin sun taru, kuma mu mutane ne masu son aikin gayya. Rufin gida muke ɗauka a kafaɗa mu kai wani wuri, to me zai hana mu ɗaga ƙarfe daga kan ɗan'uwa? Har wasu sun fara naɗe wando za su shige.

"Kar wanda ya shiga!" in ji Pak Karsiman. Ba mu taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba. "Kafaɗa ɗaya ta taɓa itacen nan, gawa goma za mu fitar."

Yana cikin faɗa sai ya ji rurin inji. Kusnan ne ya ruga ya tayar da kan motarsa, yana tahowa da baya da niyyar shiga ƙarƙashin tirelar ya ɗauke nauyin. Mutane suka buɗe masa hanya suna ihu, "Yawwa! Taho! Taho!" Dattijon ya ga abin da ba su gani ba. Tirelar ta riga ta sauko ƙasa da farantin da ke bayan motar, don haka ba shiga zai yi ba, tunkuɗa zai yi. Ba lokacin bayani. Ya je ya tsaya tsakanin motar da tirelar, ya rufe ido, ya ɗaga hannu biyu. Birki ya yi ƙara, tayar ta tsaya ruwanta na fallatsa a rigarsa.

Kusnan ya leƙo yana kumfar baki. "Ka haukace ne, tsoho? Matsa! Mutum na mutuwa kana nan da dakatarka!"

"Sauko ka duba tsayin farantinka, Mas."

"Ba ni da lokacin..."

"Sauko ka duba!"

Kusnan ya diro, ya duba farantin, ya duba tirelar. Muka ga fuskarsa ta sauya.

"Kashe injin," in ji Pak Karsiman, "rawarsa na girgiza ƙasa. Ka je rumfata ka kwaso katakon jati duka, da babban jak, da igiya. Bu, kawo shayi."

Bu Ngatmi ta zo da kofin tana salati. Tun da tirelar ta riga ta karkata, jan layin ba shi da amfani, sai ya ɗora kofin a kan ƙarfen gaban tirela, ya karɓi robar da take ɗaure ƙunshin shinkafa ya zaga a jikin kofin daidai inda shayin ya kwanta.

"Ki tsaya nan gaba, Bu, kar ki dubi kowa, kar ki dubi Giyarto. In ya haura robar ki yi ihu."

"Pak, ni fa idona ba shi da kyau."

"Naki na fi yarda da shi. Su waɗannan kowa kallon jini yake."

Sannan ya tsaya a bakin tirelar. Waɗanda ke kusa sun ce ya kai kamar numfashi biyar a tsaye. Duk jikinsa cewa yake kar ka shiga. Dokar da ya yi shekaru yana kafa wa mutane, cewa ba a shiga ƙarƙashin abin da bai tsaya ba, ita ce yanzu zai taka da ƙafarsa, kuma ya fi kowa sanin dalilin kafa ta. Ya tuna matarsa tana can tana shanya wanki ba ta san komai ba. Ya yi bismilla, ya kwanta ruf da ciki a cikin ruwan, ya ja jiki.

A ƙarƙashi duniya ƙarama ce. Warin giris da na ruwan kwata, duhu-duhu da rana tsaka, ga cikin tirela a saman ƙeya yana ɗan nishi lokaci-lokaci. Kututturen yana gefen hagunsa, kusa har yana ganin ruwa na tsattsafowa daga tsagarsa saboda matsi. Giyarto ya juyo da ido, leɓɓansa sun yi fari.

"Pak, ka yafe mini."

"Yi shiru, maganarka na hana ni jin itacen."

"Ka gaya wa matata Lastri..."

"Ka gaya mata da bakinka, ni ba ɗan aike ba ne. Ɗaga kai."

Ya tura masa guntun katako a ƙarƙashin ƙeya don hancinsa ya yi nisa da ruwa, ya zura masa igiya ta hammata ya ƙulla, ya jefa bakinta waje. Kusnan na durƙushe a bakin tirela yana turo katako ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zaci jak zai fara kafawa. Ina! Sai muka ga ya shimfiɗa katako huɗu a kan taɓo, ya danna su da gwiwa har suka zauna, ya gicciya huɗu a kai, ya sake gicciyawa. Ginin nan nasa da muka saba yi wa dariya, shi ya fara.

Fili ya kaure. "Jak! Sa jak mana!" "Wannan tsohon zai kashe shi da sanyin jiki!" Wani har ya ce a jawo shi waje a bar mai zuciya ya shiga, amma da aka waiwaya a ga mai zuciyar ba a same shi ba. Pak Karsiman yana jin su duka, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san mai yiwuwa gaskiyarsu ce. Kowane katako minti guda ne daga rayuwar Giyarto. Ruwan ya kai gefen bakinsa, yana tofarwa yana numfashi ta hanci. In ya nutse a nan, ginin ne ya kashe shi, kuma wanda ya yi ginin zai kwana da wannan har ƙarshen ransa. Katako ɗaya ya kuɓuce masa ruwa ya ja shi, ya miƙa hannu ya kamo, ya ɗora. Bai tsaya ba sai da ginin ya rage yatsa uku ya taɓa ƙarfen tirela.

Sannan ya kafa jak a kan nasa katakon. Bugu goma na farko ba su ɗaga komai ba, katakon ne kawai ke nutsewa cikin taɓo. Na sha biyar ya ji hannun ya yi nauyi. Na ashirin tirelar ta yi wani kuka da ya sa mutanen waje ja da baya.

"Bu?"

"Yana nan, Pak! Yana rawa amma yana nan!"

Ya ƙara uku. Ya sa hannu ya laluba tsakanin ƙarfen da cinyar, ya ji yatsunsa sun shige.

"Masu son gayya, ga igiya nan! Kar ku fizga, ku ja kamar kuna jan taru. Yanzu!"

Mutum takwas suka ja. Giyarto ya kurma ihun da har yau wasu ke cewa suna jinsa, ya sulalo a cikin ruwa, kai, ƙirji, ƙafafu, ya fito fili. Har an fara kabbara sai muryar Bu Ngatmi ta tsaga ta kowa.

"Ya haura! Pak, ya haura! Fito!"

Bai ko juya ba tukuna. Kututturen ya fashe da ƙara kamar bindiga, jak ya zame ya yi tsalle gefe, kwantenar ta sunkuyo gaba ɗaya, kofin ya faɗo ya tarwatse. Muka ga tan ashirin da takwas na sauka a kan mutum, ba abin da za mu iya. Ni dai na rufe ido, na kuma san ba ni kaɗai ba.

Da na buɗe, tirelar na tsaye. Ta sauko yatsa ukun nan, ta zauna daram a kan katakon jati, ta nutsar da ginin cikin taɓo har hawa biyu, ta tsaya. Ba mai motsi a cikinmu. Kusnan ne ya kwanta a ruwa ya leƙa, da wata siririyar murya da ba mu san yana da ita ba.

"Pak? Pak Karsiman?"

Can sai muka ji, a hankali, "Dakata. Ƙafafuna sun ƙi."

Ta ƙafa Kusnan ya jawo shi. Ƙarfen ya goge masa baya ya yaga rigar daga wuya zuwa ƙugu, da ginin ya gaza da katako ɗaya da ba wannan labarin nake rubutawa ba. Bai iya miƙewa ba. Ya zauna a cikin ruwa ya haɗa kai da gwiwa yana kuka kamar yaro, Kusnan na zaune a gefensa ya riƙe masa kafaɗa, shi ma hawaye na bin kumatunsa. Tun daga ranar ban sake jin wani ya kira shi Pak Dakata da sigar tsokana ba.

Cinyar Giyarto ta karye wuri biyu. An sa masa ƙarfe, ya yi wata huɗu a kwance, yanzu yana ɗingishi amma ya koma tuƙi. Ba a ba Pak Karsiman lambar yabo ba, ba a ɗauki hotonsa ba. Washegari ma ya zo aiki, ya yi fama da kansa kafin ya iya shiga ƙarƙashin wata tirela da babu komai a cikinta.

Makon jiya na same shi a rumfarsa yana ɗaure kaya, na ce masa zan rubuta labarinsa mutane su karanta.

"Me za ka ce?"

"Zan ce ka yi jarumta, Pak."

"Kar ka soma. Ka rubuta cewa fitsari ya kuɓuce mini a wando tun ina katako na uku. Ruwan ne ya rufa mini asiri."

"Haba, Pak! A gaban jama'a?"

"Rubuta. Masu tasowa kunyar tsoro suke ji, kunyar ce ke shigar da su ƙarƙashi da jak ɗaya. In suka ji tsoho ya yi a wando kuma yana nan da ransa, wataƙila wani ya fito ya ƙara katako."

To ga shi na rubuta, Pak, yadda ka ce. Kai ne mai tsoro a madadinmu, ka ɗauke mana shi shekara talatin da shida muna barci a inuwa. Yanzu da za ka tafi, ni kam tsoron ya dawo kaina, kuma ina fata ya dawo kan kowa a filin nan. Ku makanikai, ku direbobi masu gyaran motarku da kanku, in tsoro ya kama ku a bakin tirela kada ku danne shi don ana kallonku. Ku jira kan mota ya dawo, ku taka ƙasa ku ji, ku ɗora katakon da ake muku dariya a kansa. Kaya sun sha makara jirgi ya tafi, aka sa su a na gaba.

Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, Pak Karsiman, ya sa masararka ta yi kyau, ya ba ka barcin da ba nauyi a samansa. Jiya da rana na ga Giyarto a ƙofar makarantar firamare, yana jan ƙafarsa, ƙaramar 'yarsa na riƙe da yatsansa tana ba shi labarin da ba ya ƙarewa, manyan biyu na tafe a baya suna faɗa a kan ƙanƙara. Mun gode. Yaran nan uku suna da uba.